Ɗakin Bukoki: yadda muka zaɓi soson sauti, da abin da soson ya kasa yi

Wata ranar Maris bayan la'asar ɗan ƙanwata ya same ni a gida, ya zauna a bakin tabarma, muka gaisa, sannan ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani baƙin soso ne mai tsini-tsini, irin wanda ake gani jere a bangon situdiyo cikin bidiyon mawaƙa. Wani ɗan kasuwa ne ya turo masa ta WhatsApp: guda 96, kowane ɗaya santimita 30 tsawo da faɗi, kaurinsa santimita 2 da rabi.

"Kawu, jika 120 ya ce in kawo. Ku duba mini kafin in biya."

Na haura shekara 20 ina aikin sauti a gidan rediyo nan Yamai, kuma na ga samari da yawa sun zuba kuɗin guminsu a wannan soso, daga baya su dawo suna cewa makirfon ne ba shi da kyau. Sai na tambaye shi me yake so soson ya yi masa. Ya ce abu biyu. Na farko, ya hana ƙarar kabu-kabu da injin niƙan maƙwabta shiga aikinsa. Na biyu, wani mai shagon magani da ya ba shi aikin talla ya maido masa da shi, ya ce muryar kamar ta mai magana cikin randa. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa, gobe zan zo in ji ɗakin da kunnena.

Yaron shekararsa 26. Tallan rediyo yake ɗauka da Hausa da Zabarmanci, da waƙoƙin biki masu kiran sunan ango da amarya, wani lokaci kuma masu gurumi da kalangu su zo su ɗauki abinsu. Da wannan yake biyan haya, da shi yake taimakon mahaifiyarsa. Jika 200, wato sefa dubu 200, ke hannunsa gaba ɗaya, na shekara guda da ya yi yana tarawa.

Ɗakin da abin da na tarar

Ɗaki ne na haya a wani gida a unguwar Bukoki ta Yamai, ginin bulo da shafen siminti, daɓen karo a ƙasa, rufin kwano da silin na siririn katako. Na sa awo: tsawo mita 4, faɗi mita 3 da santimita 20, tsayi mita 2 da santimita 80. Ƙofar ƙarfe ce mai ƴan tsagogin shan iska, taga ɗaya ce mai sandunan ƙarfe, tana kallon lungu. Ya riga ya manna kwalayen ƙwai a rabin bango ɗaya, ya kuma jingine wata tsohuwar katifa a kusurwa.

Na tsaya a tsakiyar ɗakin na tafa hannu sau ɗaya. Bayan tafin sai wani kaifin amo ya biyo, firrr, kamar an ja tsirkiya. Wannan shi ne sauti yana kai da komo tsakanin bango biyu masu santsi da ke fuskantar juna. Na sa shi ya yi magana da muryarsa ta talla, ni kuma ina zagaya ɗakin. A tsakiya muryar ta yi siriri, da na matsa kusurwa sai ta kumbura ta yi guuu. Sannan muka yi shiru na minti biyu. Kabu-kabu uku suka wuce, akuya ta yi kuka, injin niƙa yana ta gurnani ta bayan bango, har ina jin sa a tafin ƙafata.

Na ce masa: "Ɗana, cutarka uku ce, kai kuma ka zo da magani ɗaya. Maganin ma na mafi sauƙin cikinsu ne."

Cuta ta farko ƙarar waje ce da ke shigowa. Ta biyu amsa-kuwwar siraran sautuka, wadda tafin ya tona. Ta uku kumburin sauti mai kauri, abin da muke kira bas, kuma shi ne randar da mai shagon ya ji. Soso mai kaurin santimita 2 da rabi zai iya da ta biyu kaɗai.

Abin da ke tare ƙara nauyi ne da toshe kafa. Ƙa'idar da masu gini suka sani ita ce, in ka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi za ta ragu da kamar desibel 5 zuwa 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara. Soso kuwa kusan duk jikinsa iska ce, guda 96 ɗin nan yaro ƙarami zai ɗauke su a ka. Na tuna masa ɗakin kakansa a Tawa, ginin laka mai kaurin kamu biyu, wanda in ka shiga ka rufe ƙyaure ko dakan matan gida da ƙyar kake ji. Ba soso ko ɗaya a can. Nauyin ƙasa ne, ga bangon ba santsi, ga azara da zana a sama, ga tabarmi da buhunan hatsi. Ni dai har yau ban ji ɗakin siminti da ya kai irin waɗannan ɗakuna daɗin murya ba, sai an kashe masa kuɗi.

Dalilin da kauri ya fi siffa

A nan na daɗe da shi, don in bai gane wannan ba, gobe wani hoton zai sake ruɗarsa.

Soso yana shan sauti ne ta hanyar guga. Sauti iska ce ke rawa gaba da baya. In ta shiga ƙananan kafofin soso, sai ta riƙa gogar jikinsu, ƙarfinta ya koma ɗan zafin da ba a ji. To amma daf da bango iskar ba ta da wurin motsi, bango ya tare ta. Inda take rawa da ƙarfi shi ne nesa da bangon da kwatan tsawon zangon sautin. Ke nan abin da zai sha sauti sosai sai ya kai wurin, ko ya kusanta.

Littattafai suna cewa sauti na tafiyar mita 343 a sakan, amma wannan a sanyin digiri 20 ne. A ɗakunanmu na Yamai, inda digiri 30 abin godiya ne, ya kai mita 350. Tsawon zango kuwa shi ne ka raba wannan gudun da yawan rawar sautin a sakan, abin da ake rubutawa Hz. Sautin 3500 Hz, irin kaifin harafin "s" da ƙarar tafi, zangonsa santimita 10 ne, kwatansa 2 da rabi. Daidai kaurin soson hoton. Sautin 110 Hz kuwa zangonsa ya haura mita 3, kwatansa santimita 80. Soson santimita 2 da rabi a gaban irin wannan sauti kamar ka tare ambaliya da faifai ne. A aikace kayan shan sauti suna sauka ƙasa da wannan lissafi, domin sauti na rage gudu a cikinsu kuma yana zuwa a karkace, amma tsarin bai canza ba: ƙarin kauri, ƙarin saukowa wajen bas. Barin sarari tsakanin abin da bango ma yana ƙara masa wannan ƙarfi, kuma iska kyauta ce.

Sai muka lissafa inda ɗakin nasa yake kumbura. Kowane ɗaki yana da sautukan da yake riƙewa, kamar yadda kowace ganga ke da muryarta. Ana raba gudun sauti da ninki biyu na nisan bango da bango. Tsawon mita 4 ya ba mu kusan 44 Hz, faɗin ya ba mu 55, tsayin kusan 62. Ninkinsu kuma 88, 110, 125. Gindin muryar namiji baligi yana tsakanin 85 da 180 Hz. Wato ɗakin yana kumbura ne daidai inda muryarsa take zaune. Da ya manna siririn soso ko'ina, da ya kashe kaifin muryar ya bar kumburin, randar ta ƙara zurfi. Na sha shiga irin waɗannan ɗakuna: baƙi ƙirin da soso, ka tafa ba amo, ka yi magana kamar an rufe ka da bargo cikin rijiya.

Tsinin nan da ke burge mutane ma ragi ne. In aka ce soso mai tsini kaurinsa santimita 5, daga gindi zuwa kan tsini aka auna, alhali an yanke wani kaso mai yawa na naman an fitar. Shimfiɗaɗɗen soso mai kauri ɗaya da shi ya fi shi nama. Kwalin ƙwai kuwa siffar kawai ya ara. Takarda ce siririya, abin da take sha kaɗan ne, sai dai ta tara ƙura da kyankyasai, ta kuma jira wuta.

Nawa ake bukata

An yi wani malamin kimiyya a Jami'ar Habad ta Amurka, Wallace Sabine, wanda a 1895 aka ba shi aikin gyara wani zauren lacca da kalma ke yawo a cikinsa sama da sakan 5 kafin ta mutu. Da dare yake kwaso matasan kujeru daga wani zauren ya jera, ya busa sauti, ya auna da agogo, ya ƙara matasai ya sake aunawa. Daga nan ya fitar da lissafin da muke amfani da shi har yau: lokacin da sauti ke ɗauka ya ragu da desibel 60 daidai yake da 0.16 sau girman cikin ɗaki, a raba da jimlar faɗin abin da ke shan sauti. Ina son labarin nan domin da matashin kujera aka fara sana'ar, ba da kayan kanti ba.

Girman cikin ɗakin yaron, wato tsawo sau faɗi sau tsayi, kusan mita kubik 36 ne. Mun auna da manhajar auna sauti mai suna REW, wadda kyauta ce, a kwamfutarsa, muka samu sakan 1 da ɗan ɗori a tsakiyar sauti, wato sautukan da ke tsakanin sirara da masu kauri. Lissafi ya nuna duk abin da ke shan sauti a ɗakin, har katifar da mu kanmu, bai wuce mita 5 murabba'i ba. Don ɗaukar murya a ƙaramin ɗaki ana son a sauko wajen sakan 0.3 zuwa 0.4. Wannan na bukatar mita 15 zuwa 19. Ke nan sai mun ƙaro mita 10 zuwa 14 na abin da ke sha da gaske. Lissafin Sabine an yi shi ne don manyan zauruka, a ƙaramin ɗaki jagora ne kawai, amma ya isa ya hana mutum saye a makance.

Soso 96 na hoton, in an jera su, mita 8.6 ne. Adadin bai yi nisa ba. Kaurin ne matsalar: a 250 Hz irin wannan soso ba ya shan ko kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya faɗo masa.

Samfuri huɗu a tsakar gida

Na ce kada mu yi gardama da baki, mu nemo samfuri. Cikin mako guda ya samo guda ɗaya daga mai WhatsApp, yankin soson katifa daga kasuwa, farin abin nan da ake tallafe firiji da shi a kwali wanda wani abokinsa ya ce yana aiki, sai wani toka-toka mai kaurin santimita 5 daga wani shagon kayan sauti.

Gwajin farko na numfashi ne. Ka ɗora soson a baki ka hura. In iska ta wuce, kafofinsa a buɗe suke, sauti zai shiga. In ta tsaya, ba abin da zai sha. Farin na kwalin firiji ya faɗi nan take, ko kaɗan iska ba ta ratsa shi. Na katifa ya wuce da ƙyar. Sauran biyun sun wuce. Na mai WhatsApp an matse shi a leda aka zuƙe iskar don sauƙin jigila, kwana biyu da buɗewa bai gama tashi ba, gefe ɗaya ya zauna a lanƙwashe.

Gwaji na biyu takarda ce. Soson kirki yana zuwa da jadawalin da ke nuna abin da yake sha a 125, 250, 500, 1000, 2000 da 4000 Hz. Wasu suna rubuta lamba ɗaya tak mai suna NRC, wadda matsakaicin 250, 500, 1000 da 2000 ce. Lura da cewa 125 ba ya ciki, don haka lambar na iya yin kyau alhali soson bai taɓa bas ba. Mai WhatsApp da aka tambaye shi takarda sai ya turo ƙarin hotuna. Mai shagon ya fito da tasa, da jadawalin da kuma matsayin soson wajen wuta.

Gwaji na uku shi ne wanda ya sa na ɗaga murya, abin da ban saba yi wa yaron ba. Yawancin soson nan da sinadarin foliyuretan ake yin sa, kuma in ba a haɗa shi da maganin jinkirta wuta ba, yana ci kamar fetur, yana ɗiga da wutarsa, hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid da sayanaid. Ranar 20 ga Fabrairu 2003, a wani gidan rawa a jihar Rod Ailan ta Amurka, tartsatsin wasan wuta ya kama soson da aka manna a bango don rage ƙara, mutum 100 suka mutu. Ranar 27 ga Janairu 2013 haka ta faru a garin Santa Mariya na Birazil, mutum 242, yawancinsu ɗalibai, kuma hayaƙin ne ya kashe mafi yawa. A Agustan 2016 a birnin Ruwan na Faransa, kyandir ɗin kek na bikin ranar haihuwa ne ya taɓa soson wani ɗakin ƙasa, mutum 14 suka rasu. To ga ɗakin ɗan ƙanwata: ƙofa ɗaya, taga da sandunan ƙarfe, wayoyin wuta an jona wannan kan wancan, kuran na ɗaukewa ya dawo da ƙarfi, ga abokansa ƴan fada da murhun shayinsu a bakin ƙofa, ga maganin sauro na kunnawa da damina.

Muka yanki ɗan ƙanƙane daga kowane, muka fita tsakar gida kan yashi, da bokitin ruwa a gefe, muka riƙe da filaya muka kusanta ashana. Na mai WhatsApp da na katifa suka kama nan da nan, suna ɗigar da baƙin ruwa mai ci da wuta. Na shagon ya ƙanƙance ya yi baƙi, da aka janye ashanar ya mutu da kansa. Wannan gwajin tsakar gida ne, ba ya maye gurbin takardar masana'anta. A takardun Faransa za ka ga M0 zuwa M4, inda M0 ba ya ci sam, M1 ba ya kamawa da sauƙi, M4 kuwa mai saurin kamawa ne. A na Turai harufa ne daga A1 zuwa F. Kuma ko soson da aka yi wa magani jinkiri kawai yake yi, in wuta ta yi ƙarfi zai ci. Amma yaron da ya ga ɗigar nan da idonsa bai sake ambatar guda 96 ba.

Akwai soso na melamin, wanda kamfanin BASF na Jamus ke yi da sunan Basotect, dangin farin soson nan na goge datti. Ba shi da nauyi, yana jure wuta fiye da foliyuretan nesa ba kusa ba. Da shi na fi so a silin. Sai dai sai an yi odarsa daga waje da kuɗin Yuro, kowane Yuro kusan sefa 656, ga jigila, kuma tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, ta iyakar Nijar da Benin, a 2023 kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suna daɗewa a hanya. Aljihunsa bai kai ba, muka bar shi.

Abin da muka yi

Maimakon soso a bango, muka nemi abin da ƴan kasuwa ke kira len-da-ber, wato audugar gilashi, wadda ake sa wa a rufi da bututun sanyi. Ita da ƴar'uwarta audugar dutse zare ne na ma'adini, ba sa cin wuta, gara ba ta cin su, zafi ba ya narka su ya maida su gari kamar yadda yake yi wa soso. Mun samu mai kaurin santimita 5, muka ninka biyu ya zama 10. Wadda muka samu tana da takardar alminiyam a fuska ɗaya, muka juya ta wajen bango, domin in ta kalli ɗaki za ta maido da siraran sautuka.

Katako muka saya a kasuwar Katako, wani kafinta a unguwar ya haɗa mana firam 12, kowane santimita 120 da 60. Da aka lissafa, faɗinsu mita 8.6 ne, daidai da na soson hoton, amma kauri ninki huɗu. Kafintan ya so ya rufe bayansu da falanki don su yi ƙwari. Na ce: "Malam, ka bar bayan a buɗe, yadi kawai za a ja." Ya dube ni kamar mai ɓarnar aiki, amma ya yi. Aka shafa wa katakon maganin gara. Audugar tana ƙaiƙayi kuma ƙurarta ba ta da kyau a huhu, don haka da safar hannu da takunkumi da riga mai dogon hannu muka yi aikin, a waje. Muka naɗe ta da siririn yadi ciki, sannan wani yadin auduga a fuska, wanda shi ma sai da muka hura muka ga iska na wucewa. Yadin nan biyu suna hana zare fita, suna kuma tare ƙurar hunturu, wadda da soso ne tsirara da ta cika kafofinsa cikin shekara ɗaya ko biyu.

Huɗu muka gicciya a kusurwa biyu na gaba, biyu kan biyu, domin a kusurwa bas ke taruwa. Huɗu a bangon gefe, biyu kowane ɓangare. Wurinsu da madubi muka gano: ya zauna a kujerar aiki, ni ina jan madubi a bango, duk inda ya hango lasifika a ciki, nan sauti ke tunkaro ya dawo kunnensa. Huɗun ƙarshe a bangon da ke bayan mai waƙa. Shi da farko gaban mai waƙa ya so a sa, amma makirfonsa mai ji ta gaba ne, abin da yake kallo shi ne bakin mutum da bangon da ke bayan mutum. Kowane firam muka sa masa ƴan guntayen katako ya tsaya nesa da bango da santimita 5, muka rataye da ƙugiya. Ba mu sa gam a bango ba. Gam mai feshi da salatif suna saki da zafin Afrilu, mai ƙarfin kuma yana tashi da fenti da shafe, ga gidan haya ne. Da muka je wa mai gidan da maganar, abin da ya tambaya ke nan. Na ce: "Alhaji, ƙusa ce kawai, ranar da zai tashi za a toshe muku ramukan." Ya ce Allah ya ba da sa'a.

Soso ya samu wurinsa a sama. Silin ɗin ba zai ɗauki nauyin firam ba, sai muka sayi mita 2 na toka-tokan nan mai santimita 5, muka manna shi a siririn allo, muka rataye da waya saman wurin makirfo da teburi, nesa da ƙwan lantarki da wayarsa. A ƙasa muka shimfiɗa darduma mai kauri. Kwalayen ƙwai da tsohuwar katifa aka fitar.

Kusan rabin kuɗin a ƙofa da taga ya tafi, kuma a nan muka fi ja-in-ja. Ya ce: "Kawu, wa zai ga ƙofa a bidiyo? Masu kawo aiki in ba su ga soso ba, cewa suke ba situdiyo ba ne." Maganarsa gaskiya ce, kasuwa da ido take saye, ban raina ta ba. Abin da muka yi, mahaifiyarsa ta ba shi wani saƙin tera-tera da ta ajiye, muka rataya shi a bangon da kyamara ke kallo, tsakanin firam biyu masu yadi shuɗi. Ɗakin ya fi duk mai baƙin soso kyan gani, kuma yanzu da wannan bangon ake gane bidiyonsa. Ƙofar ƙarfen muka bar ta, muka ƙara ta katako mai nauyi ta ciki, da roba a kewayenta da ƙasanta, mai buɗewa da hannu ɗaya ba tare da makulli ba. Taga kuma muka yi mata marfi: falanki biyu masu kauri da auduga a tsakani, da hannaye biyu, a cusa lokacin ɗauka, a cire in an gama. Sauran canjin ya sayi ƙaramar tukunyar kashe gobara, ya kuma kira mai gyaran wuta ya raba masa wayoyin.

Abu ɗaya bai ci ko dala ba. Yana tsayawa kamu biyu daga makirfo, na ce ya dawo kamu ɗaya. Duk rabin nisa da ka rage, muryarka na ƙaruwa da desibel 6 a kan amon ɗaki da ƙarar waje.

Abin da aka samu da abin da ya rage

Da muka sake aunawa, tsakiyar sauti ta sauko wajen sakan 0.35. Amon tafin ya ɓace. Can ƙasa, wajen 100 Hz, har yanzu yana jan kusan sakan 0.6, kuma in mai kalangu ya matsa kusurwar baya ana jin kumburi. Hakan na nufin kusurwoyin baya biyu suna jiran nasu firam ɗin, in kuɗi ya samu. Ya sake ɗaukar tallan mai shagon maganin, mutumin ya karɓa ya biya, ya kuma turo masa wani.

Kabu-kabu da akuya sun koma can nesa, ba sa kai wa makirfo in ana magana. Injin niƙa kuwa yana nan. Ni na ce masa marfin taga zai rage shi sosai, kuma na yi kuskure: gurnanin ta ƙasa da bango yake biyowa, tagar ba ita ce hanyarsa ba, kuma na ji shi a tafin ƙafata tun ranar farko, ya kamata in gane. Maganinsa sai ɗaki cikin ɗaki mai daɓen da bai taɓa na gidan ba, wanda ya fi ƙarfin ɗakin haya. Ya je ya gaida mai injin, suka fahimci juna, ya san sa'o'in da ake kashe shi. Yanzu da sassafe yake ɗaukar murya, da kuma bayan isha'i.

Zafi ma ya zo da nasa. Ɗakin da aka toshe wa kafofin ƙara an toshe masa na iska. A watan Mayu, ƙofa biyu a rufe, fanka a kashe don ƙararta, minti 20 ne iyakar abin da mutum zai jure, fatar kalangu ma tana canza murya. Sai su ɗauka, su buɗe, su cire marfin taga, su sha ruwa, su koma. Yana tara kuɗin na'urar sanyi mai injin a waje. Da damina ta sauka kuma muka gano ruwa a kan kwano ya fi ƙarfin silin da soson da ke ƙarƙashinsa. In hadari ya haɗo, sai ya kira mai aiki ya ce a ɗaga zuwa gobe. Shirinmu na gaba shi ne a shimfiɗa audugar gilashi a saman silin, tsakaninsa da kwano, wadda za ta rage ƙarar ruwa da zafin rana gaba ɗaya. Alhaji ya ce sai ya ga mai aikin da idonsa kafin a taɓa masa rufi.

Ragowar samfurin mai WhatsApp ɗin ya manta da shi a bakin taga ta waje, inda rana ke dukansa. Da na koma a watan Nuwamba na ɗauka, ya koɗe, na murza shi da yatsa biyu sai ya zube gari. Ya karɓa ya sa a leda, ya ce zai nuna wa wani abokinsa a unguwar Talaje wanda aka turo wa hoton nan shi ma.